Kifin da Ba a Yi Niyyar Ƙyanƙyasarsa Ba: Nazarin Abin da Ya Faru a Szarvas

A shekarar 2019, a cibiyar binciken kiwon kifi da ke garin Szarvas, kudu maso gabashin ƙasar Hangari, masu bincike suka zuba maniyyin wani kifin Amurka a kan ƙwan wani kifin Rasha, suna da yaƙinin babu abin da zai fito. Sai ƙwan ya kama, ya ƙyanƙyashe, 'ya'yan suka buɗe baki suka fara cin abinci. Uwar ita ce sitajin ɗin Rasha, kifin da ake cire kabiya, wato ƙwan kifi mai tsada da ake ci, daga cikinsa. Uban kuwa kifi ne mai filafili na kogin Misisifi. Masana sun ƙiyasta cewa zuriyoyin biyu sun rabu tun kimanin shekara miliyan 184 da suka wuce, kuma kafin wannan rana ba a taɓa samun ɗan da ya rayu tsakanin dangoginsu ba. Jenő Káldy da Attila Mozsár da abokan aikinsu sun wallafa sakamakon a mujallar Genes cikin watan Yulin 2020, jaridun duniya kuma suka yi ta yayata hotunan kifin.

Jaridu sun tsaya a kan siffar kifin. A ganina akwai abin da ya fi siffar nan nauyi a cikin rahoton, amma ba zai fito fili ba sai an bi lamarin daga tushe.

Uwar da uban

Sitajin kifi ne mai tsohon asali. Yawancin ƙashinsa guringuntsi ne, kuma maimakon ɓawon da muka saba gani a jikin kifi, yana da layi biyar na ɓawon ƙashi mai kauri: ɗaya a gadon baya, biyu a gefuna, biyu a ciki. Bakinsa yana ƙarƙashin kai, da gashin baki huɗu a gabansa da yake laluben ƙasan ruwa da su, yana tsotse dodon koɗi da tsutsotsi da ƙananan kifaye. Na Rasha yana rayuwa a Tekun Kasfiya da Bahar Aswad da Tekun Azob, yana haurawa koguna irin su Bolga da Danub idan lokacin saka ƙwai ya yi.

Mai filafili wani abu ne daban. Fatarsa sumul take, hancinsa dogo ne mai faɗi da kan kai kusan kashi ɗaya bisa uku na tsawon jikinsa, cike da jijiyoyin da ke jin ɗan ƙaramin lantarkin da ƙwarin ruwa ke fitarwa. Yana iyo ne baki a wangame yana tace waɗannan ƙwari daga ruwa. An kawo shi gabashin Turai tun shekarun 1970 don kiwo a tafkuna, shi ya sa aka same shi a hannun masu bincike a Hangari. Ɗan'uwansa ɗaya tilo, na kogin Yangtze a ƙasar Sin, rabon da a gan shi da rai tun 2003, kuma a 2022 hukumar IUCN mai bibiyar halittun da ke fuskantar ƙarewa ta bayyana cewa ya ƙare a duniya.

Abin da ya kai sitajin ɗakin ƙyanƙyasa

Ƙwansa ne ya zame masa fitina. Idan aka wanke shi aka sa masa gishiri ya zama kabiya, abincin masu hannu da shuni da ake sayarwa da ma'aunin giram. Macen kuma ba ta saurin balaga. Ta Rasha kan wuce shekara 10 a kogi kafin ta fara ƙwai, ta beluga kuma, wani babban nau'in sitajin, takan kusanci 20. Wanda ya kashe uwa ɗaya ya zubar da aikin shekaru masu yawa. Madatsun ruwa suka ƙara dagula al'amari. Madatsar Bolgogirad ta raba kifin da mafi yawan wuraren saka ƙwansa a kogin Bolga. A kan Danub kuma, madatsun Ƙofar Ƙarfe da ke tsakanin Romaniya da Sabiya, ta farko a 1972 ta biyu a 1984, sun tare hanyar da manyan kifayen ke bi su haura har cikin Hangari. Tun 1998 dukkan nau'o'in sitajin suke ƙarƙashin yarjejeniyar CITES mai sa ido kan cinikin namun dawa, kuma binciken IUCN na 2022 ya nuna duk nau'o'i 26 da suka rage suna fuskantar barazanar ƙarewa.

Don haka rayuwar wannan kifi ta koma hannun masu ƙyanƙyasa, kuma sana'ar tsohuwa ce. A 1869 Filif Obsiyanikob ya yi nasarar haɗa ƙwai da maniyyin ƙaramin sitajin mai suna sitalet da hannu a Rasha. A shekarun 1930 Nikolai Garbilski ya kafa dabarar yi wa kifin allurar wani sinadari daga ƙasan ƙwaƙwalwar kifi don ƙwan ya nuna. Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin ƙyanƙyasar tarwada a Najeriya ya ga jikanyar wannan dabara: allura da yamma, tatsa da safe.

Sai dai ta sitajin ta fi wuya. Ba a matsa cikinta ƙwan ya zubo gaba ɗaya kamar na tarwada, saboda yadda bututun ƙwanta yake. A da kashe uwar ake yi. Yanzu akan yi ɗan tsaga a bututun ta mafitar ƙwai, a tatse, a mai da ta ruwa ta warke. Ƙwan baƙi-baƙi ne ko ruwan toka, yana sheƙi a cikin daro. Ana sirka maniyyi da ruwa mai yawa kafin a zuba, domin ƙwan sitajin yana da ƙofofi da dama a samansa, ba guda ɗaya ba kamar na yawancin kifaye, kuma idan maniyyin ya yi kauri fiye da ɗaya na iya kutsawa. Bayan minti biyu ko uku ƙwan ya fara danƙo. A kogi wannan danƙo ne ke manna shi a kan tsakuwa, amma a daro sai ya dunƙule ya ruɓe. Shi ya sa ake zuba masa ruwan yumɓu, mutum ya zauna yana juyawa da hannu ko da gashin tsuntsu na kusan awa guda, har kowane ƙwai ya tsaya shi kaɗai. A riƙe wannan juyawar a rai, za mu sake komawa kanta.

Abin da suka shirya yi

Mai gonar kabiya mace yake nema. Namiji nama kawai yake bayarwa, ga shi kuma ba a gane jinsin kifin da ido, sai ya kai shekara uku ko huɗu a ɗora masa na'urar hoton ciki. Ke nan rabin abincin da aka zuba a waɗannan shekaru ya tafi cikin maza. Mai aikin ceto nau'in da ke ƙarewa shi ma yana da tasa damuwar: wata rana za a kama mace mai ƙwai a rasa namijin irinta. Dabara ɗaya ce take amsa buƙatun biyu, wadda masana ke kira jinojenesis, wato samar da ɗa daga gadon uwa zalla.

Ga yadda take. A cikin kowace ƙwayar halitta akwai ƙunshe-ƙunshen gado da ake kira kuromozom, rabi daga uwa rabi daga uba. Ƙwan kifi a lokacin da aka tatso shi bai gama rage nasa zuwa rabi ba. Shigar maniyyi ce take zaburar da shi ya fitar da kason da ya yi rara a cikin wani ɗan ƙullutu, ya haɗa ragowar da na uba. Masu jinojenesis sai su haska wa maniyyin haske mai lalata gado, ta yadda zai iya iyo ya taɓa ƙwan amma ba ya ɗauke da saƙon komai. Ƙwan ya zabura ya fara aiki. Kafin ya kai ga fitar da rarar nan, sai a tsoma shi cikin ruwan ɗumi na 'yan mintuna ko a matse shi da ƙarfin na'ura, ya fasa fitarwa. Ɗan da zai fito yana da cikakken adadin kuromozom, kuma duka na uwarsa ne.

Akwai wayo guda a zaɓen maniyyin. Hasken ba ya lalata kowane ɗaya, wasu kan tsira da gadonsu. Idan na nau'i ɗaya ne da uwar, 'ya'yan da suka tsira za su saje da na uwa zalla ba a gane su ba. Shi ya sa ake aro maniyyin wani nau'i mai nisa, wanda ko ya tsira ɗan ba zai rayu ba. A 1997 Steven Mims da abokan aikinsa a jihar Kentaki ta Amurka sun yi amfani da maniyyin wani sitajin na can wajen zaburar da ƙwan mai filafili a kan wannan dalili. Mutanen Szarvas juya lissafin kawai suka yi: ƙwan sitajin, maniyyin mai filafili.

Kowane gwaji na ƙwarai yana da daron shaida, wanda ake ajiyewa don a auna sauran da shi. A nasu daron shaidar, sun zuba lafiyayyen maniyyin mai filafili da ba a haska ba, don su tabbatar da idonsu cewa ba ya haifar da komai. Daga wannan daron ne kifin ya fito. Na ga wasu sun kira abin ganganci, ni kuwa ban ga gangancin ba. Da sun tsallake daron shaida suka dogara da abin da kowa ya ɗauka a matsayin sananne, da 'yan ruwa biyu sun shige cikin sakamakonsu ana ƙirga su a matsayin 'ya'yan uwa zalla.

Abin da ya fito

Ba su tsaya a karo ɗaya ba. Sun maimaita haɗin da ƙwan mata uku da maniyyin maza huɗu, kuma kwana 30 bayan ƙyanƙyasa, tsakanin kashi 62 zuwa 74 cikin ɗari na 'ya'yan suna raye. Wannan ba adadin halittar da ke fama da nakasa ba ne. Bayan shekara guda matsakaicin nauyinsu ya kai kilo 1.2, ko da yake tazarar da ke tsakanin manya da ƙanana tana da faɗi. A wajen cin abinci uwarsu suka biyo, ba sa tace ruwa.

Da aka ƙirga kuromozom ɗinsu sai suka kasu gida biyu. Sitajin ɗin Rasha yana da kimanin 250, mai filafili kimanin 120. Ƙwai ya kawo rabin na uwa, wajen 125, maniyyi ya kawo 60, jimla ta doshi 185. Rukuni na farko ya faɗa kusa da nan, tsakanin 156 zuwa 184. Waɗannan su ne masu kamannin da suka rabu tsakanin iyaye biyu, hanci mai tsawo, ɓawon ƙashin jikinsu kaɗan kuma ƙanana. Rukuni na biyu kuwa yana da 300 zuwa 310, wato duka 250 na uwa da 60 na uba. Su sun fi kama da sitajin sosai, ɓawonsu ya fi girma da yawa. A jikin kifaye uku kuma an sami wani layin ƙwayoyin halitta na daban mai ɗauke da kason kuromozom guda kawai, alamar cewa maniyyi fiye da ɗaya ya shiga ƙwan ta ƙofofin nan masu yawa.

Ta yaya jiki zai jure wannan? Amsar da masana suka fi karkata gare ta tana da ɓangare biyu. Na farko, gadon wannan dangi yana sauyawa a hankali ƙwarai, fiye da na yawancin kifaye, don haka miliyoyin shekarun rabuwar ba su nisanta su yadda lissafi zai sa a zata ba. Na biyu, a tarihinsu kuromozom ɗinsu sun taɓa ninkuwa gaba ɗaya, wasu nau'o'in ma fiye da sau ɗaya, shi ya sa ake samun masu kimanin 120 da masu 250 da masu 360. Binciken gadon sitalet da aka wallafa a 2020 ya nuna kifin ya ci gaba da riƙe yawancin kwafin biyu da ninkuwar ta bar masa. Halittar da ke da rarar kwafi na kusan kowane umarni tana iya ɗaukar ƙari ko ragi da zai kashe wata tun tana cikin ƙwai.

Rukuni na biyu

Nan ne nake so a daɗe. A daron shaida babu wanda ya tsoma ƙwai a ruwan ɗumi, babu wanda ya matse shi. Duk da haka wasu ƙwayayen sun riƙe rarar kuromozom ɗinsu da kansu, suka yi abin da masu jinojenesis ke wahala kafin su tilasta. Da uban sitajin ɗin Rasha ne, da waɗannan 'ya'ya sun fito da kamannin kowa, ba wanda zai ɗaga gira, alhali suna ɗauke da ninki ɗaya da rabi na kuromozom ɗin da ya kamata.

Wannan ba zato ba ne, an gani a wani wurin. A gonakin farin sitajin na jihar Kalifoniya, da kuma ɗakin ƙyanƙyasar da al'ummar Kootenai ke gudanarwa a jihar Aidaho don ceto kifin koginsu, an gano irin waɗannan kifaye masu ninki ɗaya da rabi a cikin 'ya'yan da aka ƙyanƙyashe da hannu. Masu bincike na Jami'ar Kalifoniya da ke Davis, ciki har da Andrea Schreier da Joel Van Eenennaam, sun bi sawun dalilin, suka danganta shi da abubuwa biyu: ƙwan da ya jima bayan ya nuna kafin a haɗa shi da maniyyi, da kuma juyawa mai ƙarfi a lokacin cire danƙo. Wato hannun ma'aikacin da ke juya ƙwai a ruwan yumɓu, idan ya cika gaggawa, yana iya sauya adadin kuromozom ɗin kifin da zai rayu shekara hamsin ko fiye.

Illar ba ta bayyana a jikin kifin da kansa. Yana girma, yana iya haihuwa. Matsalar tana zuwa ne idan ya yi barbara da lafiyayye, domin 'ya'yansu kan fito da adadi na tsaka-tsaki wanda ba ya rabuwa biyu daidai, haihuwarsu kuma ta yi rauni. A kogin da iyayen da suka rage ba su da yawa, sakin irin wannan kifi da sunan ceto yana iya rage haihuwar zuriyar da ke tafe, kuma ba za a ankara ba sai bayan shekara ashirin ko talatin. Wannan abu yana damuna fiye da hoton kifi mai dogon hanci, domin shi ba ya ɓoyuwa, wannan kuwa yana ɓoyuwa.

Gwajin gano shi ba mai wuya ba ne. Jajayen ƙwayoyin jinin kifi suna da cibiya, saɓanin namu, kuma cibiyar tana girma gwargwadon yawan kuromozom. Ɗigon jini ɗaya a cikin na'urar auna girman ƙwayoyi ya isa ya nuna wanda ya yi rara. Ɗakin ƙyanƙyasar Kootenai yana tantance 'ya'yansa ta wannan hanya kafin ya sake su a kogi. A Szarvas ma da na'urar auna yawan gado a ƙwayar halitta aka fara raba rukunonin biyu, sannan aka tabbatar da ƙirga ƙarƙashin madubin ƙara girma.

Za su haihu?

Ana kyautata zaton ba za su haihu ba, kamar alfadari da jaki da goɗiya ke haifa, saboda kason da suka gada ba ya haɗuwa biyu-biyu. Amma a wannan dangi ba a saurin rantsuwa. Besta, ɗan ruwa biyun beluga da sitalet da Nikolai Nikolyukin ya samar a 1952, yana haihuwa lafiya ƙalau, domin iyayensa duka suna cikin masu kimanin 120. Haɗin masu 120 da masu 250 galibi ba ya haihuwa, amma ba a rasa samun waɗanda suka karya ƙa'idar.

Kifin gona kuma yana tserewa. A guguwar Disambar 1999 sitajin ɗin Saiberiya ya kuɓuce daga gona zuwa mashigin Jirond na Faransa, inda ragowar sitajin ɗin Turai na ƙarshe ke rayuwa. A 2009 aka ba da rahoton 'yan ruwa biyun na Saiberiya da sitalet da aka haifa a cikin kogin Danub da kansa. A Yulin 2016, da aka buɗe madatsa a kogin Qingjiang na lardin Hubei saboda ambaliya, kusan tan dubu 10 na sitajin ɗin gona, baƙi da 'yan ruwa biyu, suka kwarara zuwa Yangtze, gidan sitajin ɗin Sin da ke gab da ƙarewa. Ko kifin da ba ya haihuwa yana cin abinci, yana kuma cinye wurin zama.

Masu binciken na Hangari sun ce ba su taɓa nufin haɗa jinsi ba, kuma ba su da shirin sake samar da wasu. Lokacin da labarin ya fita a 2020, kimanin 100 ne ke raye a tankunan cibiyar. Na yarda da matsayarsu. Wasu sun yi tunanin ko za a sami kifi mai ƙwan uwarsa da cimar ubansa, wanda zai ba da kabiya ba tare da tsadar abinci ba, amma tun da 'ya'yan sun biyo uwa a baki, ga kuma shakka kan ko za su yi ƙwai, babu ribar da ta kai haɗarin.

Saura maganar asali, ta neman mata. Jinojenesis ba ta ba da mata zalla a sitajin, domin a wurinsu uwa ce ke ɗauke da kuromozom ɗin jinsi iri biyu, Z da W, uba kuma Z biyu. Gwajin da aka yi da farin sitajin a Davis, wanda aka wallafa a 1999, ya samar da maza kusan ɗaya cikin biyar daga gadon uwa zalla. Abin da ake farauta a cikin sauran shi ne mace mai W biyu, wadda idan aka haɗa ta da kowane namiji duk 'ya'yanta za su fito mata. Hanya ce mai tsawo, tun da sai an jira ta balaga. A 2021 Heiner Kuhl da Matthias Stöck na cibiyar binciken ruwa ta Leibniz da ke Balin, tare da abokan aikinsu, suka gano wani ɗan yanki na gado da mata kaɗai ke ɗauke da shi, kuma gwajinsa ya yi aiki a nau'o'i shida, ciki har da na Rasha da beluga da sitalet. Yanzu da ɗan guntun fiffiken kifi ana iya raba maza da mata tun suna tsawon yatsa, shekaru kafin na'urar hoton ciki ta iya ganin komai.